Yadda Ake Zaɓen Kyanwa Mai Asali Wadda Halinta Zai Dace da Gidanka

Mafi yawan mutanen da ke kashe kuɗi mai kauri wajen sayen kyanwa mai asali, hoto ne yake fara jan hankalinsu. An ga wata fara sol mai dogon gashi da shuɗin ido a Instagram, ko wata mai zanen damisa a jikinta, sai rai ya biya, a tura kuɗi, a kawo ta gida cikin kwando. Bayan mako biyu ido ya saba da kyan, abin da ya rage kuwa shi ne halin dabbar: ko mai kuka ce da tsakar dare, ko mai hawa labule, ko kuwa mai shigewa ƙarƙashin gado da zarar an yi sallama a ƙofa. Kyanwar da ake kula da ita a cikin gida takan kai shekara 12 zuwa 15, wasu ma su haura, saboda haka wanda ya saye ta ya ɗauko abokiyar zama ce ta tsawon lokacin da yaro zai shiga firamare har ya gama sakandare. Wannan tsawon zama ya cancanci a yi masa tunani tun kafin a biya ko sisi.

Idan aka ce kyanwa mai asali, ana nufin wadda aka rubuta salsalarta, wato uwa da uba da kakanni, a wata ƙungiya mai rajistar kyanwoyi. Abin bai daɗe ba a tarihi. Babban baje kolin kyanwoyi na farko an yi shi ne a wani babban zauren nune-nune mai suna Crystal Palace a Landan a 1871, ƙarƙashin jagorancin Harrison Weir, daga baya aka kafa irin waɗannan ƙungiyoyin rajista, wato CFA a Amurka a 1906, da GCCF a Ingila a 1910, sai TICA a 1979. A cikin waɗannan shekaru kimanin 150 masu kiwo sun fi zuba ido a kan tsawon gashi da launi da siffar fuska, saɓanin karnuka da aka daɗe ana ware su domin aiki, wannan na farauta, wancan na gadi, wani na kiwo. Shi ya sa bambancin hali tsakanin jinsunan kyanwa, duk da cewa akwai shi, bai kai na karnuka faɗi ba. Duk wanda ya san shanu zai fahimci wannan nan take. Makiyayi zai gaya maka cewa Bokoloji ya fi Rahaji sanyin hali da sauƙin sarrafawa, kuma gaskiya ya faɗa, amma shi ɗin ne zai nuna maka wani Bokoloji a garkensa da ba a kusantarsa sai da dabara.

Masu bincike a Jami'ar Helsinki da ke ƙasar Finlan sun auna wannan al'amari da bayanan da suka tara daga masu kyanwoyi. A binciken da suka fitar a 2019, wanda ya shafi kyanwoyi 5,726, sun gano cewa a jinsunan da suka bi salsalarsu, kusan rabin bambancin da ake gani a ɗabi'u irin su kunya da kazar-kazar da son mutane gado ne. Wani binciken nasu na 2021, a kan kyanwoyi sama da 4,300, ya nuna cewa a cikin jinsunan kyanwa Bengal ce ta fi kowa rashin zama wuri ɗaya, 'yar Farisa na cikin waɗanda suka fi kowa kwanciya, Russian Blue ta fi tsoro, 'yar Habasha kuma ta fi kowa ƙarancinsa. To, idan rabi gado ne, ragowar rabin yana hannun renon da aka yi mata da lafiyar jikinta da irin gidan da ta tsinci kanta. Sunan jinsi zai nuna maka inda za ka fara nema, amma ba zai ɗauke maka wahalar duba ita kanta kyanwar ba.

Fara da gidanka

Kafin ka buɗe shafin wani mai sayarwa, zauna ka lissafa yadda yini yake tafiya a gidanka. Awa nawa gidan yake zama ba kowa? Akwai yara ƙanana masu ɗauka su matse, su ja wutsiya? Gidan baƙi ne, inda 'yan'uwa da maƙwabta ke shige da fice, ko kuwa gidan da ƙofarsa ke wuni a rufe? Kana kiwon tattabaru ko 'yan tsaki ko aku? Bangonka ɗaya da maƙwabcin da kukan dare zai hana shi barci? Sannan ka tambayi uwargida da sauran mutanen gida, domin sau da yawa wanda ya biya kuɗin ba shi ne yake wuni da dabbar ba, kuma ba shi ne zai riƙa share gashi daga kan kujeru da darduma ba. Ga mai zaune a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai akwai ƙarin tambaya guda, wato yadda ɗaki yake kasancewa a watan Afrilu idan zafi ya haura digiri 40 kuma aka ɗauke wuta. Amsoshin nan su ne ma'aunin da za ka ɗora kowane jinsi a kai.

Masu son hira da masu son aiki

'Yar Siyam, wadda masu sayarwa ke kira Siamese, asalinta ƙasar Tailan ce, kuma ita ce ya kamata a fara yi wa mutum gargaɗi a kanta, domin kyanta na ruɗi. Siririya ce, mai shuɗin ido, mai duhun fuska da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya. Amma baki gare ta. Tana kuka idan tana jin yunwa, tana kuka idan ka rufe ƙofa, tana kuka idan ka dawo, kamar mai kai maka ƙarar abin da ya faru bayan fitarka, kuma muryarta na da kauri har wasu kan ɗauka jariri ne. Takan zaɓi mutum ɗaya a gida ta liƙe masa, ta bi shi daga falo zuwa kicin. Ga dattijuwar da ke wuni a gida tana son abin da zai ɗebe mata kewa, da wuya a sami wadda ta fi ta. Ga ma'aikacin da ke fita da bakwai na safe ya dawo bayan isha'i, wannan zaɓi zalunci ne ga dabbar, domin kaɗaici kan sa ta lasar jikinta har gashi ya zube, ko ta koma tsotsa da taunar bargo da suturar ulu, abin da ke iya toshe mata hanji. Wanda ya nace sai ita alhali ba ya zama, to ya ɗauki biyu 'yan ciki ɗaya su riƙa ɗebe wa juna kewa. 'Yar Bama, wato Burmese, wadda jinsinta na yau ya samo asali daga wata kyanwa mai suna Wong Mau da aka kai San Francisco a 1930, tana da irin wannan son mutane, sai dai muryarta ta fi taushi kuma ta fi sakin jiki da baƙi, don haka ta fi dacewa da gidan da ke da yawan jama'a.

Bengal kuma wata aba ce daban, kuma a ganina ita ce aka fi saya bisa kuskure. An samar da ita ne ta hanyar haɗa kyanwar gida da wata ƙaramar kyanwar daji mai ɗigo-ɗigo ta nahiyar Asiya, aikin da wata Ba'amurkiya, Jean Mill, ta yi fice a kansa, kuma TICA ta ba ta cikakken matsayi a 1991. Ɗan kyanwar dajin da jikanta da tattaɓa-kunnenta ba a ɗaukarsu dabbobin da za a ba kowa, sai daga tsara ta huɗu ake lissafa su cikakkun kyanwoyin gida, kuma wajibi ne ka tambayi mai sayarwa ko tsara ta nawa ce. Ko ta huɗun ma ba ta san gajiya ba. Tana hawa kan firiji da saman kwaba, tana koyon buɗe ƙofa da famfo, tana wasa da ruwa, kuma duk abin da ya motsa farauta ne a wurinta, saboda haka mai kiwon tsuntsaye ya hakura da ita kawai. Tana buƙatar wurin hawa, da wasa mai gajiyarwa sau biyu ko uku a rana, da mutumin da zai ji daɗin koya mata abubuwa. Idan ta rasa waɗannan za ta nemo wa kanta aiki, aikin kuwa shi ne labulenka da kwalaben turaren da ke kan madubi. Ba laifinta ba ne, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Savannah, wadda aka fara samu a 1986 daga haɗin kyanwar gida da Serval, wata kyanwar dajin Afirka mai dogayen ƙafafu da manyan kunnuwa, ta fi Bengal girma da tsalle da wahalar riƙo, har ƙasar Ostireliya ta haramta shigar da ita a 2008. Ba zan ba wanda bai taɓa riƙe kyanwa ba shawarar ya fara da ita ba.

'Yar Habasha, wato Abyssinian, tana da kazar-kazar da son bincike da ƙarancin tsoro ba tare da jinin daji ba, kuma gajeren gashinta ya fi dacewa da ƙasa mai zafi. Tana son zama kusa da kai, amma ba lallai a kan cinyarka ba.

Masu sanyin hali

'Yar Farisa, wadda aka fi sani da Persian, ita ce aka fi gani a hotunan masu sayarwa, kuma sunan da ta yi na natsuwa gaskiya ne. Ba ta da yawan kuka, ba ta cika hawa sama ba, tana son wurin kwanciyarta da lokacin abincinta su tsaya yadda ta saba. Gidan da ke da hayaniya da guje-gujen yara yakan sa ta janye jikinta ta koma lungu. Abin da ake mantawa shi ne sanyin halin nata yana tafe da aiki: sai an taje ta kullum, an goge mata hawayen da ke taruwa a gefen hanci, in ba haka ba gashin ya cukurkuɗe ya riƙa jan fata, kyanwar da ke jin zafin fata kuwa za ta fara cizon hannun da ya taɓa ta. Masu lallausar fuska sosai suna shan wahalar numfashi, zafi da hayaƙi kuma suna ƙara musu, don haka a gidan da ake yawan turaren wuta a fitar da ita daga ɗakin har hayaƙin ya washe. Idan ka ga kyanwa ta buɗe baki tana haki kamar kare, wannan alamar haɗari ce, a kai ta wuri mai sanyi a nemi likitan dabbobi nan da nan. Cikin 'yan Farisa, wadda hancinta ya ɗan fito ta fi wadda fuskarta ta shafe samun sauƙin rayuwa, ko da kuwa ta biyun ce ta fi tsada.

British Shorthair, mai zagayayyar fuska da kaurin jiki, ita ma natsattsiya ce, kuma tana jure zaman kaɗaici fiye da yawancin jinsuna, abin da ya sa ta dace da mai fita aiki. Sai dai ba ta son a ɗaga ta sama ko a rungume ta. Za ta zauna a gefenka kan kujera har dare ya raba, amma idan ka ɗauke ta sai ta zille. Mai neman kyanwar da zai riƙa saɓawa a kafaɗa zai ce ba ta da so, alhali irin nata son ke nan. A kula da abincinta, domin rashin motsi na saurin sa ta ƙiba.

Mai son ta runguma ya duba Ragdoll. Ann Baker ce ta samar da ita a garin Riverside na jihar Kaliforniya a shekarun 1960, kuma ma'anar sunan ita ce 'yar tsanar tsumma, saboda yadda da yawansu kan saki jiki laƙwas idan an ɗauke su. Tana da haƙuri da yara, ba ta cika fitar da farce ba, tana tarbar mai gida a bakin ƙofa. An daɗe ana yaɗa cewa ba ta jin zafi, wannan kuwa ƙarya ce mai cutarwa, domin tana ji kamar kowace dabba, kawai dai ba ta saurin ramawa ne. Saboda haka haƙurinta ya ɗora wa manya nauyin tsawata wa yara, kuma bai kamata a bar ta tana yawo a unguwa ba, tunda ba ta iya kare kanta daga karnuka da muzuran waje.

Maine Coon, wadda jihar Maine ta Amurka ta ayyana a matsayin kyanwarta ta hukuma a 1985, babba ce ƙwarai, namiji kan kai kilo 6 zuwa 8 ko fiye, ga ta da sauƙin kai da son jama'a da wata siririyar murya da ba ta yi kama da girmanta ba. Ba ta gama girma sai ta kai shekara uku zuwa biyar, kuma tana daɗewa da halin ƙuruciya. Gashinta na ƙasar ƙanƙara ne, wanda ba shi da tabbacin ɗaki mai sanyi a bazara ya yi tunani sau biyu.

Russian Blue mai kunya ce da baƙi amma mai amana ga mutanen gidanta, ta dace da gida shiru. Sphynx marar gashi, wadda jinsinta ya faro a Toronto ta Kanada a 1966, tana neman jikin mutum ba dare ba rana, tana kuma buƙatar wanka a kai a kai da kariya daga rana. 'Yar tafkin Van ta Turkiyya kuwa, a binciken Helsinki ita ce ta fi saurin kai wa mutum farmaki da rashin jituwa da sauran kyanwoyi, don haka ba ta gidan ƙananan yara ba ce.

Shirun da ba na lafiya ba

Akwai wani abu da nake so mai saye ya riƙe da kyau, domin a nan ne ake cutar dabba ba tare da an sani ba. Kyanwa tana ɓoye ciwo. Dabi'arta ce tun daga daji, inda nuna rauni ke jawo maƙiyi. Saboda haka ba kowane kwanciya ne natsuwa ba. Misali mafi bayyana shi ne Scottish Fold, mai lanƙwasassun kunnuwa, wadda duk jinsinta ya fito daga wata farar kyanwa mai suna Susie da aka gani a wata gona a ƙasar Sukotlan a 1961. Abin da ya lanƙwasa kunnen matsala ce ta guringuntsi, kuma ba a kunne kaɗai ta tsaya ba, tana shafar gaɓoɓin ƙafafu da wutsiya, ta jawo ciwon gaɓɓai tun dabbar na ƙarama. GCCF ta daina yi mata rajista tun farkon shekarun 1970 saboda wannan dalili. Masu talla suna yabonta da cewa ba ta tsalle-tsalle, ba ta ɓarna, tana zama inda aka ajiye ta, alhali da yawansu tsallen ne yake yi musu zafi. Ni dai ba zan saye ta ba, kuma ba zan ƙarfafa wa kowa gwiwa ya saya ba, domin kowane ciniki yana sa a sake haifar wasu.

Ko a sauran jinsuna, duk lokacin da hali ya sauya ba zato, a fara zargin jiki kafin a zargi ɗabi'a. Kyanwar da ta daina hawa inda ta saba hawa, ko ta daina gyara gashinta, ko ta fara fitsari ba a cikin kaskon yashin da take ba-haya ba, ko ta fara huci idan an shafa bayanta, likita take buƙata. 'Yan Farisa na gadon wata cutar ƙoda, Maine Coon da Ragdoll kuma na gadon kaurin tsokar zuciya, kuma akwai gwajin da masu kiwon kirki ke yi wa iyaye kafin haɗa su. Kada a kuskura a ba kyanwa farasitamol da nufin taimako, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka kuma fararen kyanwoyi masu shuɗin ido da yawansu kurame ne, kurma kuwa tana firgita idan an taɓa ta ba ta gani ba, tana kuma kuka da ƙarfi saboda ba ta jin muryarta, sai a ɗauka mugun hali ne. Tafa hannu a bayanta inda ba ta ganinka, ka duba ko kunnuwanta za su motsa.

Uba da uwa da makonnin farko

Bayan ka tsayar da jinsi biyu ko uku da suka dace da gidanka, sai neman ita kanta kyanwar, kuma a nan ba a cinikin biri a sama. Je ka da ƙafarka inda aka haife ta. Binciken Eileen Karsh a Amurka a shekarun 1980 ya nuna cewa daga mako na biyu zuwa na bakwai bayan haihuwa ne 'yar kyanwa take koyon ko mutum abokin zama ne ko abin gudu. Wadda hannaye daban-daban suka riƙa ɗauka a hankali a wannan tsakani, ta ji ƙarar tukwane da rediyo da muryar yara, takan tashi da sakin jiki. Wadda ta yi waɗannan makonni a keji a bayan gida, ba ta ganin kowa sai mai zuba abinci, za ta iya zama mai ɗari-ɗari har tsufanta, ko da takardarta ta ce Ragdoll ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ɗanyen kyanwa kuwa bai wuce waɗannan makonni ba, kuma sun riga sun wuce kafin ta zo hannunka. Don haka tambayar farko ga mai kiwo ita ce a ina 'ya'yan suka kwana tun haihuwarsu, kuma su wa suke taɓa su.

Nemi ganin uwar, ka lura da yadda take karɓar baƙo, domin 'ya'ya na kwaikwayonta. Ka kuma tambayi halin uban, ka gan shi idan yana kusa. Sandra McCune ta nuna a 1995 cewa 'ya'yan muzuru mai son mutane sun fi ƙarfin hali wajen tunkarar mutum da sabon abu, duk da cewa ba su taɓa haɗuwa da uban nasu ba, wato abin a jini yake.

Kada ka karɓi 'yar mako biyar ko shida, komai ƙanƙantarta da ban sha'awa. GCCF na shawartar masu kiwo su riƙe 'ya'ya har mako 13, bayan an kammala allurar riga-kafi, kuma wani binciken Helsinki na 2017 ya gano cewa waɗanda aka raba da uwa kafin mako takwas sun fi zama masu faɗa. A wurin uwa da 'yan'uwa ne 'yar kyanwa take koyon iyakar cizo da yaƙushi: ta ciji ɗan'uwanta da ƙarfi, ya yi ƙara ya daina wasa da ita, gobe ta sassauta. Mai kiwon da ke gaggawar rabuwa da su, ko ya ƙi nuna maka uwar, ko ya ce a haɗu a bakin titi, ya riga ya ba ka amsa. Idan ya ce tana da asali, ya nuna takardar rajista mai sunan ƙungiya da sunayen iyaye, domin dogon gashi kaɗai ba ya mai da kyanwa 'yar Farisa, kuma abin da aka faɗa a sama game da halin jinsi ba lallai ya hau kan ruwa-biyu ba.

Idan ka isa, zauna a ƙasa, kada ka tsaya a kansu, kada kuma ka ƙura musu ido, domin a wurin kyanwa ƙura ido barazana ce. Miƙa yatsa ɗaya ka jira. Wadda ta taho da wutsiya a miƙe sama ta shinshina ka, gaisuwa ce take yi. Ja igiya a ƙasa ka ga wadda ta fara kai cafka da wadda ta tsaya tana nazari kafin ta shiga. Saki makullanka su faɗi nesa kaɗan da su: kowace za ta zabura, wannan ba komai ba ne, abin lura shi ne wadda ta dawo ta duba bayan ɗan lokaci da wadda ta ɓuya ta ƙi fitowa. Ɗauki wadda ta kwanta maka, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun baya, ka ga ko za ta lafa na ɗan lokaci ko za ta sandare ta kwantar da kunnuwa baya. Mai gidan yara da baƙi ya ɗauki mai saurin dawowa. Mai gida shiru zai iya ɗaukar mai nazari, sau da yawa ma ita ce ke zama mafi shaƙuwa da mai ita. Idan da hali ka koma karo na biyu a wani lokaci daban na yini, domin 'yar kyanwar da ta ƙoshi tana gyangyaɗi za ta yi kama da salihar duniya.

Bayan ta shigo gida

Kada ka yanke mata hukunci a makon farko. Ware mata ɗaki ɗaya mai abinci da ruwa a gefe guda, kaskon yashi a ɗaya gefen nesa da abincin, da kwali ko wani lungun da za ta ɓuya. Hana yara jawo ta daga maɓoyarta, a bar ta ta fito don kanta, sannan a buɗe mata sauran gidan sannu a hankali. Idan kyanwoyin sun fi ɗaya, a ba kowace kaskonta a ƙara guda a kai, domin rigimar kasko na daga cikin manyan abubuwan da ke sa su fitsari a kan shimfiɗa. A kafa mata katako da aka naɗe da igiya domin kartar farce, tun kafin ta zaɓi kujera.

Kyanwa ta fi kuzari da asuba da kuma wajen magariba, lokutan farautar kakanninta. Yi wasa da ita da yamma har ta gaji, sannan ka ba ta abinci, za ka ga dare ya yi sauƙi, musamman ga Bengal da 'yar Siyam. A yi wasan da igiya ko gashin tsuntsu a bakin sanda, ba da yatsu ba, domin cizon da ke ba da dariya a wata uku ba zai ba da dariya a shekara biyu ba. Duka da tsawa ba sa gyara kyanwa, abin da suke koya mata kawai shi ne tsoron wanda ya dake ta. Idan ta yi abin da ba a so, a ɗauke ta daga wurin a nuna mata inda aka yarda, a kuma ba ta ɗan abin daɗi idan ta yi daidai.

Wanda ba ya so ta hayayyafa ya kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata aikin hana haihuwa, namiji kuma a fiɗiye shi, tun suna wata huɗu zuwa shida. Muzurun da ba a fiɗiye ba yana fesa fitsari mai wari a bango, yana neman hanyar fita, yana dawowa da raunukan faɗa. Macen kuma idan lokacinta ya zo tana kwana tana kuka da birgima, 'yar Siyam ma takan fara tun tana wata huɗu ko biyar, da muryar da duk layin zai ji. Da yawa daga abin da ake kira mugun halin jinsi, wannan ne kawai.

Idan kuwa gidanka ba zai iya ɗaukar caca ba, misali akwai jariri ko tsoho marar lafiya, to nemi babbar kyanwa wadda ta haura shekara ɗaya ko biyu, domin a lokacin halinta ya riga ya zauna kuma abin da ka gani shi za ka samu. Masu kiwo kan sayar da iyayen da suka daina haihuwa da rahusa. Tambayi wanda ta zauna a hannunsa yadda take yi da yara da baƙi da sauran dabbobi, da abin da take ci, da dalilin rabuwa da ita, sannan ku yi yarjejeniya a gaban shaida cewa idan bayan wata ɗaya zaman bai yiwu ba, zai karɓi abarsa.